Jinyar zantawa: yaushe ya kamata majinyaci ya daina zuwa wurin sikolog?

Daga unguwar Kalley zuwa babban asibitin ƙasa na Yamai tafiyar ƴan mintuna ce a taksi. A cikin asibitin akwai sashen kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa wanda mutanen gari suka fi sani da Pavillon E, sunan da har yanzu wasu ke faɗa da ƙaramar murya. Duk da haka ana samun ƴan kasuwa, ma'aikata, ɗalibai da matan aure da ke zuwa can ko ɗakunan likitoci masu zaman kansu domin a zauna da su a saurari damuwarsu. Wanda ya fara irin wannan jinya, bayan wata biyu ko shekara guda, tambaya ɗaya ce ke zuwa masa da iyalinsa: sai yaushe? Wasu na yanke zuwa tun aikin bai kankama ba, wasu kuma na shafe shekaru suna biyan kuɗi ba tare da sun san inda aka dosa ba. Masana sun yi ittifaƙi cewa rufe jinya wani sashe ne na jinyar kanta, kuma majinyaci da mai yi masa jinya ne ke tsara shi tare.

Mece ce jinyar zantawa

Jinyar zantawa magani ne da ake yi da magana, tsakanin mai damuwa da wanda ya yi karatun wannan aiki. Ana zama cikin sirri, galibi sau ɗaya a mako, na minti 45 zuwa awa guda. Ta bambanta da hirar fada ko shawarar aminai, domin tana da manufa da aka amince da ita tun farko, tana da hanyar aiki da aka gwada, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita waje.

Ma'aikata iri uku ne suka fi yin ta. Akwai sikolog, wanda ya karanci halayyar ɗan Adam, yana jinya da magana amma ba ya rubuta ordonansi. Akwai sikiyatir, likita ne cikakke da ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa, yana rubuta magani kuma yana iya yin zantawar. Sai ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda a Nijar su ne ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin, musamman a jihohi, saboda ƙwararrun likitocin ƴan ƙalilan ne kuma akasarinsu suna Yamai.

Lalurorin da ake kai wa sun haɗa da ciwon damuwa mai hana barci da cin abinci, fargabar da ba ta da dalili a fili, firgicin da ke bin wanda ya ga kisa ko hatsari, baƙin cikin rashi da ya ƙi wucewa, rikicin aure, da shaye-shayen ƙwayoyi irin su taramol. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. A Nijar, hare-haren da suka fara a jihar Diffa a 2015, da na jihar Tillaberi, da ambaliyar 2020 da 2024, sun ƙara yawan masu bukatar irin wannan kulawa. Ma'aikatar kiwon lafiya na da shiri na ƙasa kan lafiyar ƙwaƙwalwa, jami'ar Abdou Moumouni kuma na horar da ɗalibai a fannin halayyar ɗan Adam.

Zama nawa ake bukata

Muhawara kan tsawon jinya ta girmi kowane likitan da ke aiki a yau. Sigmund Freud, likitan birnin Viyana da ya assasa doguwar jinyar zantawa, yakan ga majinyaci har sau shida a mako. Wani ɗan Rasha da ya fara gani a 1910 ya shafe shekaru ba ci gaba, sai Freud ya yanke masa ranar da za a rufe jinya a 1914, kuma ya rubuta cewa bayan sanya ranar ce aikin ya yi sauri. A 1937, shekaru biyu kafin rasuwarsa, ya sake yin rubutu kan ko irin wannan jinya tana da ƙarshe.

Daga shekarun 1960 aka fara samun hanyoyi masu gajeren wa'adi. Wadda Aaron Beck ya ɓullo da ita a Amurka, mai koya wa mutum gane tunanin da ke jefa shi cikin damuwa da sauya shi, yawanci zama 12 zuwa 20 take ɗauka. Wadda ke duba alaƙar mutum da na kusa da shi kan ɗauki mako 12 zuwa 16. Ga ƙasashen da ƙwararru suka yi ƙaranci, OMS ta fitar da wasu tsare-tsare a 2016: ɗaya zama biyar ne na warware matsaloli, ɗaya kuma zama takwas ne da ake yi a rukuni. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar gidajen likita, zama shida kacal, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka bi tsarin sun fi samun sauƙi.

Wani bincike da Kenneth Howard da abokan aikinsa suka fitar a 1986, kan majinyata fiye da 2,400, ya gano cewa kusan rabi sun samu sauƙin da za a iya aunawa bayan zama takwas, kusan kashi 75 cikin 100 kuma bayan zama 26. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne zaman farko-farko sun fi kawo sauyi, daga baya kuma kowane zama ɗan abin da yake ƙarawa na raguwa. Ga yawancin masu damuwa ko fargaba, jinyar wata uku zuwa shida ta wadatar.

Waɗanda ke bukatar doguwar jinya

Masu bincike da dama na kiran jinya doguwa idan ta kai shekara guda ko zama 50. Akwai mutanen da gajeriyar ba ta isar su. Daga ciki akwai wanda aka ci zarafinsa tun yana yaro kuma abin ya ɗauki shekaru, wanda damuwarsa ta tafi ta dawo sau da yawa, wanda lalurori biyu ko uku suka haɗu masa, kamar shaye-shaye da firgici, da wanda halinsa ke sa shi yawan ɓatawa da mutane ko cutar da jikinsa. Tsarin da Marsha Linehan ta tsara domin masu yawan yunƙurin kashe kansu, alal misali, shekara guda ake ba shi.

Wani bincike da aka yi a Helsinki, babban birnin Finlan, kan majinyata 326 masu damuwa ko fargaba, ya kwatanta gajeriyar jinya da doguwa mai kaiwa shekara uku. A shekarar farko masu gajeriyar sun riga samun sauƙi. Bayan shekara uku masu doguwar sun ɗan zarce su. Da aka ci gaba da bin sawunsu na tsawon shekaru, bambancin bai yi yawa ba. Saboda haka tsawon jinya shi kaɗai ba ya nuna ingancinta. Doguwar jinya na da hujja muddin majinyaci da mai jinya za su iya faɗin abin da suke aiki a kai yanzu da abin da ya sauya cikin watannin baya.

Alamomin cewa lokaci ya yi

Ma'aunin farko shi ne manufar da aka shigo da ita. A ɗauki misalin mai shago a Babbar Kasuwa da ɓarayi suka tare da makami, ya daina iya buɗe shago, ba ya barci, ko ƙarar babur ya ji sai gabansa ya faɗi. Idan bayan zama goma sha biyu ya koma kasuwa, yana barci, yana iya ba da labarin abin da ya faru ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba, to abin da ya kawo shi ya kammala. Tuna abin zai ci gaba da zuwa masa lokaci-lokaci, kuma jinya ba ta yi alkawarin shafe shi ba.

Akwai wasu alamomi da masu jinya ke dubawa. Sauƙin ya ɗore makonni da dama a jere. Mutum ya gamu da wata sabuwar matsala, kamar rashin ciniki ko saɓani da maiɗakinsa, ya warware ta da kansa kafin ranar randebu. Ya san abubuwan da ke tayar masa da ciwon da matakin da zai ɗauka idan ya ga alamarsu. Yana da mutane a waje da zai iya buɗe wa cikinsa. Zaman kansa ya fara komawa hirar duniya, ana neman abin faɗa. Wasu ma'aikatan na amfani da takardar tambayoyi tara da ake cikewa lokaci-lokaci domin auna damuwa, wadda ke taimakawa a ga sauyin da baki ba zai iya ƙiyastawa ba.

Idan jinya ta tsaya cik

Wani lokaci dalilin tsayawa shi ne rashin amfani. Bincike ya nuna cewa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na manya da ke jinyar zantawa sukan fita da hali mafi muni fiye da wanda suka shiga da shi. Jin nauyi a zuciya bayan zaman da aka taɓo tsohon rauni abu ne da aka saba gani, kuma yakan wuce cikin kwanaki. Amma idan an yi wata biyu ko uku ba wani motsi, ko abin sai ƙaruwa yake, ya kamata a faɗa wa mai jinyar kai tsaye. Ƙwararre na gaskiya zai sake duba matsalar, ya sauya hanya, ko ya tura majinyacin wurin wani. Sau da yawa akan gano wata cuta ta jiki a ƙarƙashi, kamar ciwon maƙoƙo, ƙarancin jini ko farfaɗiya, wadda magana kaɗai ba za ta warkar ba.

Haɗari na biyu shi ne dogaro. Majinyacin da ba ya iya yanke shawarar sayen fili, ko amsa wa surukarsa magana, sai ya jira ranar zama, jinyarsa ta kauce daga manufarta. Haka kuma idan duk lokacin da ya tayar da maganar tsayawa aka tsorata shi da cewa zai lalace, ba tare da an kawo hujja ba.

Akwai kuma halayen da ke wajabta barin mai jinya nan take, ba sai an jira zaman bankwana ba: neman majinyaci da lalata, fitar da sirrinsa ga dangi ko abokan aiki ba da izininsa ba, cin bashi a hannunsa ko jan sa cikin harkar kasuwanci, da wulaƙanta addininsa ko ƙabilarsa. Wanda hakan ta same shi yana da damar kai ƙara ga shugabannin wurin da ma'aikacin ke aiki, sannan ya nemi wani ya ci gaba da jinyarsa.

Yanke zuwa ba sallama

Matsalar da ta fi yawa ita ce akasin dogaro: mutum ya zo sau biyu ko uku, sai a daina ganinsa. Wani nazari da Joshua Swift da Roger Greenberg suka wallafa a 2012, wanda ya tattara bincike 669, ya nuna cewa kusan majinyaci ɗaya cikin biyar na barin jinya kafin a kammala.

A gari irin Yamai dalilan a bayyane suke. Akwai kuɗin ganin likita da na taksi ko faba-faba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata. Akwai rufe shago ko neman izini a wurin aiki kowane mako. Akwai tsoron kada maƙwabci ya hango mutum yana shiga sashen da ake dangantawa da hauka, abin da kan iya shafar auren ƴarsa. Akwai kunyar da ke hana a ce wa likita hanyarsa ba ta yi ba, sai a gwammace a ɓace. Akwai kuma sauƙin farko, wanda ke yaudarar mutum ya ɗauka ya warke alhali barci kawai ya fara samu.

Kusan duk waɗannan dalilai na da mafita idan an faɗe su. Ana iya mayar da zama sau ɗaya a mako biyu, a taƙaita manufa zuwa abu ɗaya mafi muhimmanci, a yi wasu zaman ta wayar salula, ko a koma asibitin gwamnati. Wanda ya tabbata ba zai iya ci gaba ba, zama ɗaya na ƙarshe zai ba shi damar tafiya da tsarin abin da zai yi a gida.

Akwai lokutan da bai kamata a tsaya ba ko da mutum ya gaji: idan tunanin kashe kai na zuwa masa, idan bai daɗe da barin ƙwaya ko giya ba, idan yana tsakiyar saki, rashi ko korar aiki, ko kuma mace mai ciwon damuwa da ke dab da haihuwa. Wanda ya furta cewa zai kashe kansa, asibiti ake kai shi a ranar, kuma ba a barin sa shi kaɗai.

Daina zantawa daban, daina shan magani daban

Majinyata da yawa na haɗa zantawa da ƙwayoyin da likita ya rubuta, kuma a nan ake yawan kuskure. Kammala zama da sikolog ba ya nufin a ajiye magani. Maganin ciwon damuwa kan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, kuma littafin jagora na OMS na 2016 ya ce a ci gaba da shan sa wata 9 zuwa 12 bayan alamomin sun gushe. Mai ciwon da ke kai shi ga zumuɗi da rashin barci sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki, ana ba shi shawarar ci gaba da magani aƙalla shekara biyu bayan tashin ciwon na ƙarshe, wasu kuma har tsawon rayuwa, kamar mai hawan jini ko ciwon suga.

Yanke magani lokaci guda na iya kawo jiri, rashin barci, tashin zuciya da dawowar ciwon. Ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam sun fi haɗari, domin wanda ya daɗe yana sha idan ya yanke kwatsam zai iya faɗuwa yana jijjiga. Likita ne ke rage adadin sannu a hankali cikin makonni. Mai son yin azumin Ramadan ya tambayi likitansa tun kafin watan ya kama yadda za a gyara lokutan sha. Sayen irin waɗannan ƙwayoyi a hannun masu talla a tire kuwa, ba a san abin da ke cikinsu ba balle adadinsu.

Yadda ake rufe jinya

Masu jinya kan kwatanta wannan mataki da yaye, saboda a hankali ake yin sa. Kowane ɓangare na iya fara tayar da maganar. Idan an amince, sai a sanya rana. Gajeriyar jinya zama biyu ko uku na ƙarshe sun isa, wadda ta shekara ko fiye kuma takan bukaci wata ɗaya zuwa uku. Ana tazarar da zaman daga kowane mako zuwa mako biyu, sannan wata-wata, domin a ga yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa a tsakani.

A zaman ƙarshe ana waiwayar halin da aka zo da shi da inda aka kai. Ana rubuta alamomin da ke nuna ciwon na shirin dawowa, waɗanda suka bambanta daga mutum zuwa mutum: wani barci ne ke fara ƙaurace masa, wata ta daina zuwa biki da adashe, wani ya fara faɗa da yara kan abin da bai kai ya kawo ba. Ana rubuta matakin da za a ɗauka da sunan wanda za a fara sanarwa a gida. Da yawa sukan sanya zama ɗaya na dubawa bayan wata uku ko shida.

Ba abin mamaki ba ne majinyaci ya ji kewa, ko ya ga wasu tsofaffin alamomi sun ɗan leƙo a makonnin ƙarshe. Rabuwa da wanda ya san sirrin da ko uwa ba ta sani ba abu ne mai nauyi. Galibi hakan na lafawa, kuma shi ma abin tattaunawa ne kafin a yi sallama.

Iyali da malamai

A gidajen Hausawa da Zabarmawa ba kasafai mutum ke yanke irin wannan shawara shi kaɗai ba. Sau da yawa miji, uba ko babban wa ne ke biyan kuɗi, kuma shi ke cewa ya isa haka. Ya fi kyau, idan majinyaci ya yarda, a gayyaci wannan mutum zama ɗaya ya ji inda aka kai da abin da ya rage, ba tare da an buɗe masa sirrin da aka faɗa a ɗaki ba. Shigar da dangi cikin jinya tsohuwar hanya ce a Afirka ta Yamma: Thomas Adeoye Lambo ya fara ta a ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, inda majinyata ke zama da ɗan uwansu a gidajen mutanen gari, asibitin Fann na Dakar kuma ya bi irin wannan tafarki a zamanin Henri Collomb.

Iyalai da yawa na haɗa asibiti da addu'a, rubutu ko ruƙiyya, kuma yawancin ma'aikatan lafiya ba sa hana hakan. Abin da suke roƙo shi ne a sanar da su duk wani sassaƙe ko jiƙo da ake sha, kada a ajiye maganin likita bisa umarnin wani, kuma kada a yarda da duka, ɗauri ko hana abinci da sunan magani.

Komawa bayan an gama

Kusan rabin waɗanda suka taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani sau ɗaya sukan sake yin sa a wani lokaci na rayuwarsu. Saboda haka wanda ya ga alamomin da aka rubuta masa sun dawo, kuma sun wuce mako biyu, ya koma da wuri. Matar da ta kammala jinya bayan rasuwar mijinta na iya bukatar zama biyu ko uku idan shekara ta zagayo, ko ranar da za ta aurar da ƴarta ba mahaifin. Irin wannan komawa yawanci gajeriya ce, domin an riga an san juna kuma majinyacin na da abin da ya koya a hannu. Yana da kyau a adana katin asibiti da takardar da aka rubuta a zaman ƙarshe, a tafi da su ko da wurin wani ma'aikacin daban za a je.